Ɗaki a Jirgin Ruwa: Tsakiya, Kuma Ƙasa

Mu Hausawan da muke zaune a wannan yanki na Jajimaji, Nguru da Gashuwa, mutanen tudu ne. Kakannin yawancinmu ƙafa ce ta kawo su, ko jaki, ko jirgin ƙasan da ya iso Nguru daga Kano a shekarar 1930, suka zo fatauci cikin Mangawa da Badawa har suka zauna. Ruwan da muka sani shi ne tafkin Nguru, da kogin da ya bi ta Gashuwa, sai fadamun da ke cika da damina. Teku kuwa sai dai a labari.

To amma labarin nata ba baƙo ba ne a gidajenmu. Alhazan da, waɗanda suka bi ta Maiduguri da Fort Lami suka ratsa ƙasar Sudan har Sawakin, jirgin ruwa ne ke tsallakar da su Bahar Maliya zuwa Jidda. Na ji tsofaffi suna cewa bayan duk wahalar hanya, abin da ba su manta ba shi ne jiri da aman da suka sha a kan ruwan nan. Su ba su da zaɓi, inda aka samu wuri nan ake shimfiɗa tabarma.

Yau zamani ya sake. Tun shekarar 2021 da jirgin MSC Bellissima ya fara ɗaukar masu yawon shaƙatawa daga Jidda, sannan jirgin AROYA na Saudiyya ya soma nasa a watan Disambar 2024, 'ya'yanmu da ke aiki a can suka fara sha'awar shigar da iyayensu bayan Umara. Jirage ne tamkar otal, bene fiye da goma, kuma tun wajen biyan kuɗi ake tambayar mutum ɗakin da yake so.

Haka ɗan yayata, wanda ke aiki a Jidda, ya bugo mini waya cike da murna. Ya ce, "Kawu, na samo wa Hajiya ɗaki a can sama, ta goshin jirgi, shi ne ma ya fi tsada." Na ce masa, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amma ka manta Hajiya ba ta zuwa Gashuwa a mota sai da leda a hannu?" Ya yi shiru. Yayata ta haura saba'in, kuma kullum tana shan maganin hawan jini. Ga tsohuwa irinta amai ba abin wasa ba ne, domin magani ba zai zauna ba, ruwan jiki kuma zai yi ta ƙarewa. Na ce ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, a benayen ƙasa, mai taga. Ya sauya, har rarar kuɗi ta dawo masa, Hajiya kuwa ta yi kwanakinta tana sallarta a tsaye.

Ba wani karatun teku na yi ba. Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a fadamun nan ya ga yadda mai tuƙi ke zaunar da tsofaffi da masu goyo a tsakiya, a ƙasa, kusa da buhuna, ya bar samari a baki. Yana yi ne don kada jirgi ya kife, amma nan ɗin ne kuma ya fi ƙarancin motsi. Wannan ka'ida ba ta sauya don jirgi ya yi girma.

Mai karatu, manyan motsin jirgi iri biyu ne. Na farko, goshi ya ɗaga wutsiya ta sauka, sannan su yi musanya, kamar katakon da yara ke ɗorawa a kan dutse su hau bakinsa biyu. Na gefe su ke tashi sama su faɗo, tsakiyar katakon kuwa da ƙyar take motsi. Na biyu, jirgi ya karkata dama ya dawo hagu. Dubi giginya idan ana iska: kanta ne ke kai da kawowa, gindinta na nan daram. Saboda haka ɗakin da ke sama kuma a gaba ya haɗa motsin biyu a inda suka fi tsanani. Manyan jirage na da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke rage karkatar gefe, amma ba sa hana goshi hawa da sauka.

Shi kansa jirin daga ina yake zuwa? A can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki na motsi. Idan kana cikin ɗaki a rufe, ido na ganin bango a tsaye cik, kunne kuwa na cewa ana lilo. Wannan saɓani shi ke kawo tashin zuciya, da zufa mai sanyi, da amai. Shi ya sa mai duba waya a kujerar baya ta bas ke galabaita, direba kuwa da ke kallon hanya ba kasafai abin ke kama shi ba. Amfanin taga ke nan: mutum ya kafa ido a can nesa, inda sama ta haɗu da ruwa, sai ido da kunne su daidaita.

Ɗakunan ciki marasa taga su suka fi araha. In aljihu bai kai ba, a ɗauki na tsakiya a ƙasa ko da babu taga, amma da zarar zuciya ta fara tashi a fita fili a sha iska a kalli nesa. A guji can wutsiya, inda girgizar inji ta fi yawa, da kuma can goshi, inda igiyar ruwa ke duka. Kowane jirgi na da taswira mai nuna lambar bene da ta ɗaki, a nemi ganinta kafin a biya, kada a bar wa dillali zaɓi.

Akwai magunguna irin su Stugeron da Avomine a kemis, kuma kafin tafiya ake shansu, ba bayan amai ya fara ba. Suna sa barci, don haka tsoho, da mai ciki, da mai shan wani magani, su tuntuɓi likita tukuna. Citta na taimaka wa wasu. A rage abinci mai maiƙo, a riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan. Yawancin mutane jikinsu kan saba bayan kwana biyu ko uku, sai dai idan tafiyar kanta kwana uku ce, ka ga an biya kuɗi an sayi jinya.

Abin da nake so mu lura da shi, mun saba auna girmamawa da tsada da kuma tsawo, babban mutum a bene, a kujerar gaba. A kan ruwa wannan ma'auni ba ya aiki. Wanda zai kyautata wa iyayensa ya fara tambayar yadda jikinsu yake a mota, kafin ya tambayi farashi. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin.