Gidan da Ke Ciyar da Mai Shi

Wata biyu na yi a Malesiya wajen ɗana da ke karatu a jami'ar Musulunci ta Gombak, gefen Kwala Lamfur. Na ga benaye masu taɓo gajimare, na hau jirgin ƙasa marar direba, amma labarin da na fi maimaitawa a majalisa tun da na dawo Fagam na wani dattijo ne da muke haɗuwa da shi a sahun asuba.

Tsohon ma'aikacin kamfani ne. Kuɗin sallama sun ƙare, 'ya'ya kowa ya kama gabansa, ba abin da ya rage masa sai gida. Duk da haka, kowane wata kuɗi na shigo masa. Da na tambaya, ɗana yana mana tafinta, ya yi dariya ya ce gidan ne ke ciyar da shi.

Tsarin na Cagamas ne, kamfanin lamunin gidaje na ƙasar da aka kafa a 1986. A ƙarshen 2021 suka fito da shi, suna ce masa Skim Saraan Bercagar, a 2022 kuma suka ƙaro nau'in da aka gina bisa shari'a, wanda dattijon ya shiga. Mutum ya kai shekara 55, yana da gida na ƙashin kansa marar bashi, sai ya jinginar da shi, a riƙa ba shi kuɗi wata-wata, yana zaune a ɗakinsa har rai ya yi halinsa. Bayan rasuwa zaɓi na magada ne: su biya su fanshi gidan, ko a sayar a cire bashi, rara ta shiga gado. In kuɗin gidan ya gaza, ba a bin su ko kwabo.

Abin da ya fi kama ni shi ne kafin sa hannu. Ba a karɓar takardar kowa sai ya fara zama da jami'an AKPK, hukumar da babban bankin ƙasar ya kafa a 2006 don ba masu cin bashi shawara kyauta. Dattijon ya ce sun zaunar da shi da matarsa, suka lissafa musu yadda bashin zai yi ta hauhawa, suka tambaye su ko 'ya'ya sun sani. Mai ba da shawara daban, mai ba da kuɗi daban!

Ban ce zuciyata ta kwanta duka ba. Uba ya cinye gidan gado tun yana raye abu ne mai nauyi a wajenmu. Kuma yawancin gidajenmu ba su da takardar mallaka, ga dokar filaye ta 1978 da ta ce jingina sai da yardar hukuma.

Sai dai mu ma muna jingina. Baffana ya jinginar da gonarsa ta fadama a wata shekarar yunwa, a gaban shaidu biyu, ba rubutu. Wanda ya karɓa ya noma ta shekara da shekaru, bashin bai ragu da ko taro ba. Shaidun sun rasu, baffan ya rasu, har yau 'ya'yansa na zaryar kotu a Gwaram. Da na ba dattijon labarin a ƙofar masallaci, ya yi shiru, sannan ya ce wa ɗana ya tambaye ni wa ya zaunar da baffan ya yi masa lissafi.