Waya da Igiyarta

Daga Ingilishi Hausa ta aro kalmar waya, tana nufin siririn ƙarfe mai ɗaukar saƙo. Yau sunan ya koma kan salula, wadda ba ta da igiya. Da ita ɗalibai ke taruwa gindin ɗakin karatu suna neman wifi. Rezo ɗaya ake rabawa: yawan masu shiga yana rage rabon kowa, bangon siminti kuma yana raunana shi. Wata ɗaliba da ta naɗo hirar tsofaffin Tibiri don nazarin karin harshen Gobir ta ga ranar miƙa aiki ta ƙarato, muryoyin kuma sun yi wa wifi nauyi. Sai ta shiga ɗakin kwamfutoci, ta jona igiya, suka isa ga malaminta kafin magariba.