Burtalin Gabas da Gonarmu

Yaya,

 Yaya damina? A saƙon muryar da ka aiko ina jin ruwa yana dukan kwano har ƙarshen maganarka ya ɓace mini, na san marka ta kankama. Allah ya sa mai albarka ce, ya kai masarar nan gida lafiya. Maganar burtali da ka kawo ban amsa ta a waya ba, don ta fi ƙarfin minti biyu. Sai kuma ga wata tafiya ta gitta, wadda ta ƙara mini ƙarfin abin da ke raina.

Ran Juma'a bayan an tashi aiki, mu goma sha ɗaya daga asibitinmu muka hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa wani ƙauye mai suna Edale, tafiyar da ba ta cika awa guda ba. Niyyarmu mu kwana biyu a tanti, mu hau tsaunin Kinder Scout mai tsayin mita 636. Na san abin zai zo maka baƙo, mutum ya bar ɗakinsa da gangan ya je ya kwanta a jeji cikin ruwa. A nan shi ne hutu.

Ruwansu ba irin namu ba ne. Babu hadarin da zai haɗo daga gabas, babu guguwar da za ta sa mata kwashe shanya, babu ƙanshin ƙasa. Yayyafi ne siriri, iska na kaɗo shi ta gefe, ya wuni ya kwana bai gaji ba. A cikinsa muka kafa tantuna, yatsu sun ƙage, turaku na zamewa a cikin taɓo. Da zan yi salla, wani abokin aikina da ba Musulmi ba ne ya ciro kamfas ɗinsa ya daidaita mini alƙibla, ya janye jakunkuna ya ba ni wuri, na haɗa magariba da lisha.

Da safe muka kama hanya, kuma a nan ne abin da nake so ka ji ya faru. 'Yar siririyar hanyar ta kai mu ga wani ƙyauren katako a jikin katangar duwatsu. Bayan ƙyauren gonar mutum ce, cike da tumaki. Na ja na tsaya. Jagorarmu, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin jinya, ta buɗe, muka shige ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshe ya mayar da sakata. Mai gonar yana can gefe da karensa, ya ɗaga mana hannu ya ci gaba da sha'aninsa. Ta ce mini gona tasa ce, amma hanyar ta kowa ce, doka ta hana shi toshe ta. Mu kuma haƙƙinsa a kanmu shi ne kada mu kauce, kada mu firgita dabba, kada mu bar ƙyaure a buɗe.

Ba a banza suka samu wannan ba. Da can masu ƙasa sun killace tsaunin don harbin wani tsuntsu mai kama da makwarwa, talaka ba ya taka shi. Ranar 24 ga Afrilu 1932 ɗaruruwan matasa, yawancinsu leburorin masana'antun Manchester, suka hau da ƙarfin tsiya, a gabansu akwai wani saurayi Benny Rothman. Aka yi dambe da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. A 1949 aka yi dokar gandayen ƙasa, a 1951 wannan yanki ya zama na farko da aka keɓe, a 2000 kuma aka ƙara wata doka da ta buɗe wa masu tafiyar ƙasa tsaunuka. Daga Edale ɗin ne wata doguwar hanyar ƙafa ta tashi har cikin Scotland, fiye da kilomita 400, an buɗe ta a 1965. Da na ji shekarar gabana ya faɗi, Yaya, domin a 1965 ɗin ne gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Tasu hanyar ga ta nan na taka ta da ƙafata. Namu labi da burtali fa?

Ba mu kai ƙololuwa ba. Muna gab da ita gajimare ya sauko ya rufe mu, ba ka ganin wanda ke gabanka da taku goma. Wani yaro ɗan Indiya, sabon zuwa, rigarsa ta sha ruwa, ya fara karkarwa, maganarsa na sarƙewa. Dattijuwar ta dube shi sau ɗaya ta ce a juya. Mutum goma da suka biya kuɗin jirgi, suka kwana cikin sanyi don su ga saman nan, babu wanda ya yi tsaki. Aka cire masa jiƙaƙƙiyar rigar, wani ya ba shi tasa, aka ɗura masa shayi mai sukari daga filas, aka sa shi a tsakiya, dattijuwar tana ƙirga mu a kowace kwana. Ta ce da abin ya ƙazanta akwai masu ceto, kuma ba ma'aikata ba ne, 'yan sa-kai ne da ke barin barcinsu ba a biya su sisi. Nan take na tuna gayyar da aka yi wa Baba shekarar da ƙafarsa ta karye, yadda garemani ashirin suka gama maimai kafin azahar.

Kada ka ɗauka komai nasu ya burge ni. Dattijuwar nan ita kaɗai take kwana a gida, 'ya'yanta sai bikin Kirsimeti. Da ta faɗa mini haka, na ji tausayinta har cikin ƙashina, na tuna Inna da jikoki ke hana ta barcin rana. A birni maƙwabcina bai san sunana ba, amma a kan tsauni duk wanda muka gamu da shi sai ya gaishe mu.

Daren Asabar ne ya fi tsaya mini. Tsakanina da jeji ƙyalle ne kawai da zif, ga duhu, ga kukan tumaki, amma ban kasa kunne ko sau ɗaya don jin ƙarar babur ba. Sai barci ya ƙi zuwa saboda wani dalili dabam. Na tuna lokacin da muke kwana a masussuka muna gadin dawa, da yadda muke taka sayyada zuwa kasuwar Bakori ta cikin gonakin mutane, Fulani na ba mu nono a hanya. Yau mutanen Faskari da Sabuwa da Dandume da yawa sun bar gonakinsu na nesa, kuma tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disambar 2020 babu uwar da ke barci da ido biyu rufe.

Ban ce cinye burtali ne kaɗai ya jawo mana wannan masifa ba. Amma ka sani, na sani, saniyar da aka toshe wa hanya cikin gona za ta bi, daga ɓarna sai tara, daga tara sai gaba. Ka ce maƙwabta sun riga sun ci nasu ɓangaren, kunya shida kawai za ka ƙara. Kunya shidan nan ta nan shanu ke sauka mashaya tun zamanin Kaka, kuma shi da hannunsa ya dasa aguwar da ke kan iyakar.

Ina roƙonka ka bar burtalin. Ka lissafa buhun da kake sa ran samu a wurin, zan aiko da kuɗinsa ƙarshen wata tare da na taki. In ka samu sarari ka je wurin mai unguwa, a kira ardo, a sake duba iyakar a gaban kowa, a cike giɓin shingen da bini-da-zugu tun ƙasa na da laima.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata maganin gwiwarta yana hanya. Ka ɗauko mini hoton masarar in ta fitar da goyo.

Ƙaninka,
daga Manchester