Motar da ta san ana gwada ta

Wannan makon ba labarin soyayya na kawo ba, hayaƙin mota ne, ku yi haƙuri da ni.

Akwai abokina a ƙungiyarmu da ke cewa gwajin hayaƙin mota aikin banza ne, hujjarsa kuma badaƙalar Volkswagen. Ni kuwa hujjar tasa ce ma ta hana ni yarda.

A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fallasa cewa kamfanin ya dasa wata manhaja a motocinsa masu shan dizal. Manhajar lura take yi: tayoyi na juyawa, sitiyari ko motsi babu? To, ɗakin gwaji ake. Nan take injin ya natsu, ya rage guba. Da an hau titi sai ya koma halinsa, yana fitar da iskar nitirojin oksid har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya, shugabansa Martin Winterkorn ya sauka.

Ka ga ɗalibin da ya san ranar zuwan sufeto. Cin wannan gwajin abu ɗaya kawai ya tabbatar: motar ta yi ladabi lokacin da ake kallonta. Har nan ina tare da abokina.

Amma wa ya kama su? Masu bincike ne na Jami'ar West Virginia suka loda na'urar awo a bayan mota, suka bi titunan Kalifoniya da ita, suka fitar da sakamako a 2014. Wato gwaji ne ya tona asirin gwaji. In mudun mai hatsi ya ha'ince ka, wani mudun kake nemowa, ba awon kake dainawa ba. Daga 2017 Tarayyar Turai ta wajabta gwajin kan titi ga sababbin samfuran motoci.

Abin da ya fi damuna ma a gida yake. Mota ta ci gwaji a Turai, ta sauka Kwatano, kafin ta iso Kano an kwance mata "indomi", matatar hayaƙin nan ta jikin salansa, an sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Mai saye ya ji ƙarar salansa ta ɗan sauya, bakanike ya ce masa ba komai, Alhaji, haka suke.