Itacen Tin Da Na Dasa Wa Malamina

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, kyauta tana daga cikin abubuwan da Shari'a ta kwaɗaitar a kansu, domin Imamul Buhari ya ruwaito a cikin Al-Adabul Mufrad cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hore mu da yi wa juna kyauta, saboda ita ce ke haifar da soyayya. Amma idan muka dubi yadda kyauta ta koma a tsakaninmu yau, sai mu ga mafi yawanta bashi ne aka sa masa riga. Ana kai shadda da turare gidan wanda ake jiran ramuwarsa, ana rubuta kuɗin biki a littafi don kada a manta. Malaman fiƙihu sun san irin wannan, suna kiranta hibatus sawabi, watau kyautar neman sakayya. Sun halatta ta, amma sun ce hukuncinta ya fi kusa da na ciniki. Wadda ta fi wannan hatsari ita ce wadda ake kai wa ma'aikaci saboda kujerarsa. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa. Annabi ya hau mumbari ya yi faɗa, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da ba wanda zai kawo masa kome.

To, a wannan mako ina so in ba ku labarin wata kyauta dabam, wadda na yi wa wanda ba shi da kujera, ba shi kuma da abin da zai rama mini sai addu'a.

Malamin da na karanta Tafsirul Jalalaini a gabansa tun ina saurayi, yanzu ya haura shekara tamanin, yana nan cikin birnin Kano yana karantarwa a zaurensa. Duk abin da aka kai masa na tufafi ko kuɗi ba ya kwana a hannunsa, almajirai da maƙwabta ne ke wayar gari da shi. A watan azumin 2021 na ji shi yana fassara Suratut Tin. Da ya zo kan kalmar tin sai ya ce ɓaure, kamar yadda malamanmu suka saba, sa'an nan ya dakata ya gaya wa masu sauraro cewa ɓauren da Allah Ya yi rantsuwa da shi ba irin namu ba ne, na ƙasar Sham ne, shi kuwa bai taɓa ganin ɗanyensa ba, sai busasshe wanda alhazai ke kawo tsaraba. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Mutum ya shekara sittin yana fassara kalma, bai taɓa ganin itacenta ba. Nan na ƙudura niyyar in nemo masa shi, in dasa masa a gida.

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san matsayin wannan itace a littattafanmu. Sau ɗaya tak aka ambaci tin a cikin Alƙur'ani, a farkon sura ta 95, tare da zaitun. Masu tafsiri sun yi saɓani a kan abin da ake nufi. Waɗansu sun ce wurare ne, watau Dimashƙa da Baitul Muƙaddas, inda waɗannan itatuwa suke da yawa. Waɗansu kuma, kamar Mujahid da Hasanul Basari, sun ce 'ya'yan itacen da aka sani ne, wannan kuwa shi ne Imamuɗ Ɗabari, wanda ya rasu a shekara ta 310 bayan Hijira, ya rinjayar. Ibnul Ƙayyim ya faɗa a cikin Zadul Ma'ad cewa tin ba itacen Hijaz da Madina ba ne, shi ya sa ambatonsa bai zo a cikin Sunna ba, ya kuma nuna shakka a kan ingancin hadisin da ake yaɗawa na cewa ɗan itacen Aljanna ne. Masu sayar da busasshen tin a kasuwanninmu su lura da wannan, kada su tallata haja da abin da bai tabbata daga Annabi ba.

Akwai kuma wata mas'ala mai ban sha'awa. Imamu Malik ya sa tin a cikin Muwaɗɗa a jerin kayan marmari waɗanda ba a fitar musu da zakka, tare da rumman. Da Ibnu Abdil Barri ya zo, shi kuwa mutumin Andalus ne, ya rasu a shekara ta 463, ya ga mutanen ƙasarsa suna busar da tin suna ajiyewa suna ci kamar dabino, sai ya ce yana zaton labarin haka bai kai ga Malik ba, da ya kai da bai sa shi a wannan babi ba. Ƙurɗubi ya kawo wannan magana a tafsirinsa. Kun ga ke nan sanin itace da idanu yana taɓa hukunci, ba aikin manomi kaɗai ba ne.

Neman bai zo da sauƙi ba. Na zaga wuraren masu renon dashe a Kano da Zariya, abin da ke gabansu mangwaro ne da gwaiba da lemo da kashu. Wani ya miƙo mini ɗan ɓaure a leda ya rantse mini tin ne, ya sa masa kuɗi mai tsada. Allah Ya sa na san ganyen tun ina karatu a Masar. Ɓaure da ceɗiya da durumi da gamji duk dangin tin ne, amma ganyensu ba shi da tsaga. Ganyen tin kuwa faffaɗa ne mai kaushi, a tsattsage kamar tafin hannu mai yatsu uku ko biyar. Na gaya wa mutumin ya ji tsoron Allah, domin ha'incin dashe ya fi na awo muni, mai saye ba ya ganewa sai bayan ya yi shekaru yana ban ruwa. Wani kuma ya ba ni shawara in shuka ƙwayoyin busasshen tin. Wannan ba hanya ba ce, don abin da ya tsiro daga ƙwaya ba lalle ya gaji uwarsa ba, sau da yawa ma ba ya ba da abin ci. Wani abokina mai fatauci zuwa Agadas ya samo mini rassa daga lambunan Azbin, inda ake noman lemo da rumman da dabino a tsakanin duwatsu, amma tsawon hanya da zafi suka busar da su kafin su iso.

Ashe abin nema yana kusa. A watan Janairu na 2022 wani ɗalibina ya kai ni wani tsohon gida a Kano wanda asalinsa na Kwara ne, watau mutanen Labanan da Sham da suka zauna a garin tun farkon ƙarnin da ya wuce. A bayan gidan ga itacen tin tsaye, bai fi tsawon mutum biyu ba, sanyi ya kakkaɓe rabin ganyensa. Tsohon da ke kula da lambun ya nemo mini iznin masu gida, ya yanko rassa biyar, kowanne kaurin yatsa, tsawon kamar taƙi guda. Na ciro kuɗi, ya ce, "Haba Malam, ai wanda ya dasa shi bai sayar mini ba." Na ce, "To Baba, Allah Ya saka da alheri."

Shi ne ya koya mini renonsa. Reshen bara ake zaɓa wanda ya yi ƙwari, a binne kashi biyu cikin uku nasa a ƙasa mai yashi, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa ba tare da an jiƙa shi sharkaf ba. Ya gargaɗe ni da farin ruwan da ke fita idan an yanke shi, don yana ƙona fata. Cikin biyar ɗin uku suka yi saiwa. Na riƙe su har ruwa ya zauna a watan Yuni, sa'an nan na ɗauki mafi ƙarfinsu na nufi gidan Malam.

Ba kowa ne ya ga hikimar abin ba. Wani ɗan'uwa attajiri ya ce mini da buhun shinkafa na kai wa tsoho da ya fi, wa ya san ko zai ga 'ya'yansa? Na amsa masa da abin da Imamu Ahmad ya ruwaito daga Anas, cewa Annabi ya umurci wanda tashin Alƙiyama ya riske shi da ɗan dashen dabino a hannu, in yana da iko, ya dasa shi. In wanda ya tabbata ba gobe an ce ya dasa, ina ga wanda ajalinsa ke ɓoye? Har wa yau Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk Musulmin da ya yi dashe ko shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, an rubuta masa sadaka. Salmanul Farisi kuwa, Allah Ya yarda da shi, da dabino ɗari uku da uƙiya arba'in ya fanshi kansa daga bauta. Sahabbai suka tara masa 'ya'yan dashe, Annabi ya dasa su da hannunsa mai albarka. Shinkafa alheri ce, ban hana ba, amma wata guda ta ƙare.

Da na shiga zaure na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ga tin na kawo." Ya karɓi ledar, ya daɗe yana shafa ganyen, sa'an nan ya tambaye ni mas'ala kamar yadda ya saba: kyauta ce ko sadaka, wa kuma ya mallaka? Domin a mazhabarmu, kamar yadda Ibnu Abi Zaidin ya kawo a cikin Risala, kyauta da sadaka da hubusi ba su cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe, in mai bayarwa ya mutu kafin haka, abin ya koma gado. Na ce kyauta ce, ga ta kuma a hannunsa. Ya ce to shi ya karɓa, ya kuma sanya 'ya'yan ga almajiran makaranta, ya kira manyan 'ya'yansa biyu suka shaida.

Shi ya zaɓi wurin da kansa, ya ce a nisanta shi daga katangar maƙwabci da taku biyar, kada saiwa ta tsaga masa gini ko reshe ya leƙa masa gida, don ba a neman lada da cutar da wani. Muka haƙa rami zurfin kamu guda, muka cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki da toka saboda gara, muka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Aka ɗora wa almajirai biyu ban ruwa, kuma Malam ya ce a karkato da ruwan alwala zuwa gindinsa.

A bazarar 2023 itacen ya fitar da 'ya'yan fari, guda tara suka nuna, tsuntsaye suka riga mu ga biyu. Bahaushe kan ce mai son cin ɓaure ba ya tona cikinsa, saboda ƙwarin da ke ciki. Waɗannan ƙwari su ne ke yi wa ɓaure barbara, amma irin tin ɗin da aka fi dasawa a gidaje yana nuna ba tare da su ba. Malam ya tsaga ɗaya a gaban ɗalibai, cikinsa ja, tsab, ba ƙwaro ko ɗaya. Ya ci rabi, ya yi hamdala, ya sa aka yayyanka sauran aka raba wa yara. Da azumi ya kewayo ya iso Suratut Tin, sai ya aiki yaro ya tsinko ganye, ya ɗaga wa jama'a su gani. Ya kuma yi umurni duk ɗalibin da ya sauke karatu zai koma garinsu a yanka masa reshe ya tafi da shi. Biyun da suka rage a wurina, ɗaya na kai masallacin unguwarmu, ɗaya na ba ƙanwata.

Ya ku 'yan kasuwa da ma'aikata, dattawanmu ba su manta da farin 1973 ba, kowa kuma yana ganin yadda gatari ke cin dajinmu, gawayi na shigowa birni mota mota. Sayyidina Abubakar, Allah Ya yarda da shi, ya hana rundunar da ya aika Sham sare itace mai 'ya'ya, alhali ana cikin yaƙi, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. Mu da muke zaman lafiya a gidajenmu, wane hanzari gare mu? Ba lalle sai tin ba. Rumman yana yi a ƙasarmu, dabino yana yi, haka lemo da mangwaro. Wanda aka yi wa haihuwa, ko ya tare a sabon gida, ko ya ajiye aiki, a haɗa masa da ɗan dashe cikin abin da za a kai. Sharaɗi uku ne kawai: a tabbatar da irin kafin a saya, a nemi yardar mai ƙasa, a kuma san wanda zai ba shi ruwa a ranin farko, don dashen da ba mai kula da shi abincin akuya ne.

Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya ƙara wa na raye lafiya, Ya sa abin da muka dasa ya zama mai gudana a gare mu bayan an binne mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.