Rigar Dare Ɗaya

A ƙasar Amurka akwai wani biki da 'yan makarantar sakandare suke yi kafin su gama karatu, ana ce da shi furom. Yakan faɗo a watan Afrilu ko Mayu, wani wuri har farkon Yuni, bayan sanyi ya wuce. Akan kama babban ɗaki a otal, a ci abinci, a yi rawa, malamai suna tsaye suna lura. Samari su yi hayar baƙin kwat, 'yan mata su sa doguwar riga har ƙasa, da fure ɗaure a wuyan hannu. Al'adar ta fara ne a jami'o'i a ƙarshen ƙarni na 19, daga baya ta sauko makarantun sakandare. Girmanta a wurinsu ya kai har a 1975 Susan, ɗiyar Shugaba Ford, ta yi bikin ita da 'yan ajinsu a cikin fadar shugaban ƙasa. A 2015 kamfanin Visa ya yi bincike, ya tarar iyali guda yana shirin kashe dala 919 a kan wannan dare ɗaya, wato fiye da jikka 500 na sefa a canjin shekarar.

Wata mata 'yar Maradi, mai sana'ar kitso a unguwar Harlem ta birnin Niyu Yok, ba ta san nauyin wannan biki ba sai da ɗiyarta ta kai aji na ƙarshe. Mijinta direban tasi ne. Yarinyar tana da shekara 4 suka zo da ita, ita ce kuma 'yar fari, don haka uwar ba ta faɗin sunanta, ba ta kuma doguwar hira da ita. Tun watan Fabrairu yarinyar ta ce, "Inna, lokacin neman riga ya yi." Uwar ta ce, "Wace riga? Wa zai yi aure?"

Ran Asabar ba ta iya barin shago, gama ita ce ranar kasuwar masu kitso, sai suka tafi ran Litinin da yamma. Kantin cike yake da riguna, kowace cikin ledarta, ga manyan madubai uku a kusurwa. Kafin a miƙo musu ko guda, sai mai kantin ta tambayi sunan makarantar yarinyar, ta buɗe wani littafi ta duba. Uwar ta ce, "Ke, me take nema a ciki?" Yarinyar ta ce, "Tana dubawa ne kada ta sayar mini da irin rigar da wata 'yar makarantarmu ta riga ta saya. Abin kunya ne mutum biyu su zo da riga iri ɗaya."

Wannan magana ta ɗaure wa uwar kai fiye da dukan abin da ta gani a ranar. A inda ta tashi, alamar biki ita ce anko. Amarya takan fid da atamfa, ƙawaye da dangi su saya, kowa ya ɗinka. Matan zumunta ma haka suke yi da Kirsimeti. Wadda ta zo da kaya dabam, ko dai ba a gaya mata ba, ko kuwa ba ta da hali, ita ce abar tausayi. Ga shi nan kuwa har littafi aka buɗe don kada ɗiyarta ta yi kama da kowa.

Yarinyar ta gwada riga biyar. Wadda ta kwanta mata a rai ja ce, bayanta a buɗe har kugu, da tsaga daga ƙasa zuwa cinya. Uwar ta juya takardar kuɗin, ta ga dala 480, ban da gyara, ban da takalmi da jaka. Nan take ta lissafa shi da kawunan mutane: kitso uku manya, kowane yini guda a tsaye, yatsu suna zogi. Ta ce, "Da wannan za ki fita gaban jama'a? Ba daga gidana ba." Yarinyar ta ce, "Inna, ke ba ki san yadda ake yi a nan ba." Suka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, har suka isa gida ba wadda ta ce uffan.

Mai karatu zai iya cewa uwar ce da gaskiya, ko kuwa ya ce yarinyar ce. Amma kowacce tana da tsoron da ba ta faɗa ba. Uwar tana jin labarai a shago game da abin da yakan faru bayan an tashi daga bikin, kunyar 'yar fari kuwa ta hana ta buɗe zancen, sai ta ɗora dukan faɗan a kan tsagar riga. Yarinyar kuma tun tana firamare ake yi mata dariya saboda sunanta da ƙanshin daddawa a abincinta. Shekara 12 ta yi tana ƙoƙarin sajewa, ba ta so daren ƙarshe ya sake nuna ta bare ce.

Mako biyu aka yi ana gaisuwa kawai. Ran nan da dare yarinyar ta ajiye wayarta a gaban uwar, ba ta ce kome ba. Hoton wata ɗaliba ce baƙar fata ta jihar Niyu Jasi, wadda a 2015 ta zana rigarta da kanta, aka ɗinka mata da yadi mai zanen Afirka, hoton ya zaga duniya. Uwar ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wuyan ya yi ƙasa." Sa'an nan ta tashi ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado. A can ƙasa akwai shadda gezna mita 5, saƙar Ostiriya, rinin Bamako, shuɗiya mai ƙyalli. Kakar yarinyar ce ta aiko da ita daga Maradi, a ajiye sai ranar auren jikarta.

Teloli ba su da wuyar samu a Harlem. Tun da hukumar birnin ta tashi 'yan tebur daga titi na 125 a 1994, cikinsu har da fataken Nijar, aka ba su wuri a titi na 116, inda mutanen Afirka ta Yamma suke da shaguna. Can suka sami wani tela ɗan Senegal, wanda ya ce watannin furom sun zama masa kamar jajiberin Salla. Ya rataya tef ɗin awo a wuya, ya zama alƙali. Uwar ta sa yatsa a ƙashin wuyan yarinyar ta ce nan. Yarinyar ta saukar da shi ƙasa. Telan ya yi alama a tsakiya. Aka rufe baya. Tsaga ta tsaya a gwiwa, da shafi a ciki. Yarinyar kuwa ta sami abin da ta fi so, wato rigar ta bi jiki zuwa gwiwa, sa'an nan ta baje kamar wutsiyar kifi. Telan ya ce, "Madam, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake." Uwar ta ce, "Ta sake, amma da tufa a jiki." Kuɗin ɗinki dala 200. Sa'ad da almakashi ya shiga shaddar, sai ta kau da kai, gama ta san kayan aure ne ake yankawa.

A hanyar komawa gida ne ta iya faɗin abin da ya fi rigar nauyi. Ba ta dubi yarinyar ba, tagar jirgin take kallo. Ta ce, "Abin da aka ba ki a kofi, in ba ki ga inda aka zuba shi ba, kada ki sha. In wuri ya ɓaci, ki kira, ko ƙarfe nawa ne, ba za a yi miki faɗa ba." Yarinyar ta ce, "To, Inna." Uban kuma ya ce ba ruwansa da riga, amma shi zai kai ta, shi zai ɗauko ta. Ta roƙe shi ya tsaya da tasin a kwana, kada ya zo bakin ƙofar otal. Ya yarda.

Aka aika wa kakar hoto ta WhatsApp. Da ta ga shaddarta a jikin jikarta, ga wani yaro da baƙin kwat a gefe, sai ta aiko da murya: "Ɗan gidan wa ne angon? Don me ba a gaya mini ba?" Aka sha fama kafin ta gane bikin makaranta ne. Ta ce, "To, wannan ta tafi. Sai in sake tara kuɗin wata."

Telan ya dawo musu da ragowar shaddar, ba ta kai mita guda ba. Uwar ta sa ya daje bakinta. Ranar karɓar takardar gama makaranta, a watan Yuni, ta ɗaura shi kallabi. Yarinyar kuma ta yanki siririn ƙyalle daga ciki ta ɗaura a wuyan hannu, ƙarƙashin babbar rigar ɗalibai. Ankon mutum biyu ke nan, a cikin taron da ba wanda ya san abin da ake nufi da anko sai su.