Ƙungiyar Bears da neman salon kai hari

A wasan ƙwallo irin na Amurka, wanda hannu ya fi ƙafa aiki a cikinsa, ƙungiyar Bears ta birnin Shikago ta yi suna da tsaron gida. Da shi ta ɗauki kofin Super Bowl a Janairun 1986. Amma wajen kai hari ta daɗe tana lalube: da gudu za ta dogara, kamar zamanin Walter Payton, ko da jifa?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne halin matasan da ta ɗauko su jagoranci harin: Mitchell Trubisky a 2017, Justin Fields a 2021, Caleb Williams a 2024. Kowannensu, kafin ya shiga kakar wasa ta biyu, an sallami kocin da ya tarar. Sabon koci kuwa yakan zo da nasa kundin dabaru, da nasa kalmomin kiran su.

Mu masu koyar da harshe mun san ƙarshen wannan. Yaron da aka sauya wa harshe kafin ya ƙware a na fari, in bakinsa ya yi nauyi, a tuhumi manyansa.